Masuntan da Aka Tsare a Tsallaken Tafki

To jama'a, a gyara zama, ga wata magana da nake so ku warware mini.

Wata shekara ana dab da zaɓe, sojojin wata ƙasa maƙwabciyarmu suka kama masuntanmu a tsakiyar tafki, suka ce 'yan leƙen asirin 'yan bindiga ne, kotun soja za ta yi musu shari'a. Wanda kuwa ya shiga kotun soja ba a cika ganin dawowarsa ba.

Labari ya iso majalisar dattawa ya tarar da gida a hargitse. 'Yan adawa sun ɗaura ɗamarar kawo ƙudurin a rufe iyaka a kori jakada. Jam'iyya mai mulki ta ce duk sharrin siyasa ne. Sanatoci ko gaisawa ba sa yi.

Kubra ma'aikaciya ce a ofishin wani sanatan adawa, wanda masuntan 'yan mazaɓarsa ne, kuma ita aka sa ta rubuta ƙudurin. Tana cikin rubutu ta dakata, don ta san ranar da aka karanta shi a zaure maƙwabta za su ƙeƙashe ƙasa, a huce haushi a kan masunta. Sai ta tashi ta nufi rumfar mai abinci a bayan majalisa, ta zauna gaban mutum biyun da aka hana ta hulɗa da su: Tasi'u, na hannun daman shugaban kwamitin tsaro a jam'iyya mai mulki, da Iliya, mataimakin wata sanata daga ƙaramar jam'iyya a kwamitin harkokin waje.

Ta ce, "Malam Tasi'u, Malam Iliya, manyanmu na ta faɗa, mutane kuma na can za a kashe."

Tasi'u ya waiga hagu da dama, ya ce, "Hajiya, in maigidana ya gan ni da ke, kashina ya bushe. Amma faɗi, muna ji."

A nan suka raba aiki.

Kubra ta tafi bakin tafki ta zauna da matan masuntan. Ta gano ruwa ne ya janye, kifi ya koma can gaba, mazajen suka bi shi ba su san sun tsallake iyaka ba. Ta zo da Sarkin Ruwa gaban maigidanta sanata, ta roƙe shi ya jingine ƙudurin da zai fi kowane gangami jawo masa ƙuri'a. Sanata ya ce, "Na jingine. Amma in aka kashe su, ke za ki je ki yi wa matansu bayani." Ta ce ta ɗauka.

Tasi'u ya dinga yi wa maigidansa naci har ya kira manyan jami'an tsaro zaman sirri. Suka bincika, suka tabbatar babu ko ɗaya cikin masuntan da ke da alaƙa da 'yan bindiga. Da maigidan ya ji da wa Tasi'u ke zama, ya dakatar da shi daga aiki, amma shaida ta riga ta fito.

Iliya kuwa a waccan ƙasar ya yi karatu, yana jin harshensu. Ya kira wani tsohon abokinsa da ke aiki a majalisarsu, abokin ya kashe waya. Iliya ya tsallaka da kansa, ya zauna a ƙofar ofishin mutumin har kunya ta kama shi ya karɓi shaidar da Tasi'u ya samo, ya kai wa shugaban kwamitin tsaronsu. Shugaban ne ya lallaɓa sojoji suka saki mutanen ba tare da kowa ya ji an ci masa fuska ba.

Ranar da jiragen masuntan suka ɓullo, mata suka ɗauki guɗa. Kubra ta zauna a kan yashi tana hamdala tana share hawaye. Sanatoci suka zo aka ɗau hoto, kowace jam'iyya ta ce aikinta ne.

Amma Sarkin Ruwa ya san waɗanda suka yi wahalar. Ya ce zai naɗa Garkuwar Masunta, sarautar kuma ɗaya ce tak. Wasu dattawa suka ce ba don Kubra ta tare ƙuduri ba, da wuta ta kama tun farko. Wasu suka ce ba don shaidar Tasi'u ba, da babu abin da za a nuna wa maƙwabta. Wasu suka ce shaidar da ba ta isa kunnen soja ba, me ta tsinana?

To, ku da kuka ji, tsakanin Kubra da Tasi'u da Iliya, wa ya kamata Sarkin Ruwa ya naɗa?