Wayar da Ɗan'asabe Ya Kafa a Wurin Alwala

Alhaji Nababa, kai ka ɓata sunan bawan Allah, kuma yau a gaban jama'a za a faɗa. Ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba, amma ku saurara.

An yi wani mutum a wani gari, ba sai na kama sunan garin ba, ana ce masa Ɗan'asabe mai gyaran rediyo. Matarsa da sauran mata a bayan katangar masallaci suke zama su ji tafsiri ta lasifika. To, malamin ya tsufa, murya ta yi ƙasa. In aka ƙure ƙara sai lasifika ta kama kuka, zuuu, kamar an taɓo gidan zuma. Shekara biyu mata na komawa gida ba su tsinci ko aya ɗaya ba.

Abin ya hana Ɗan'asabe sakat. Ya tsinto 'yan kaya daga matattun rediyo, ya haɗa ɗan abin da zai ɗaga muryar makirfo tun kafin ta isa babbar na'urar lasifika. Ya kunna, kuka na nan. Ya raba shi da wutar lantarki ya sa masa batir, kuka ya ragu. Ya gajarce wayoyi ya murɗe su kamar kitso, ya rufe komai cikin gwangwanin madara, kuka ya ƙara raguwa. Sai ya ja waya daga jikin gwangwanin ya ɗaura a ƙarfe, ya kafa ƙarfen a wurin alwala, don nan ne ƙasa ba ta bushewa. Tsit! Ranar har numfashin malam mata suka ji.

Ku saurara fa. Shugaban kwamitin masallaci ya zo alwala, waya ta harɗe masa ƙafa. Ya bi ta, ya tarar da gwangwani a rufe ƙarƙashin kujerar malam.

"Wa ya binne mana asiri a ɗakin Allah?"

Ɗan'asabe ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ba asiri ba ne. Kukan lasifika nake zubarwa a ƙasa."

"Ji min rainin wayo! Kuka ruwan wanki ne da za a zubar?"

"A buɗe a gani, Alhaji. Batir ne da waya."

"In buɗe ka makantar da ni?"

Ya sa aka tumɓuke ƙarfen, aka wurga gwangwanin a kududdufi, aka ce kada mai tsafi ya ƙara taka masallaci. Lasifika ta koma kukanta. Mutane suka daina kai masa gyara. Shi ko sai ya shimfiɗa buzunsa a rana yana bin jam'i daga waje. Matarsa ta ce ya kai ƙara gun mai gari, ya ce, "Bari, Ladi. Wanda na yi dominsa ya gani."

Jama'a, abin da ba ka sani ba, tambaya ake yi. Jahilcin babba ya fi na yaro ɓarna, don shi in ya yi magana bin sa ake yi. Ku da kuka yi shiru kuna kallo, kowa na da kasonsa na alhakin nan.

Shi ya yi haƙuri, ladansa na wurin Allah. Ni ban iya ba. Alhaji, daina wasa da carbi, kai nake nufi. Tashi ka faɗa wa mutanen nan da bakinka: asirin me ka gani a cikin gwangwanin da ba ka buɗe ba?