Maganin da Ya Kwarara a Ƙasa

Akwai wani mutum manomi, yana da tsohuwar akori-kura, irin motocin nan na da da ake jin tarinsu tun daga bayan gari. Tsofaffinmu da ke zaune a nan sun san su. Kai, motocin nan sun yi mana aiki! Su ne doya, su ne amarya, su ne masu zuwa taron bishara.

Duk ƙarshen damina manomin yakan sayo 'yar kwalbar magani wanda ake zubawa cikin tankin mai, domin ya kori ruwa da datti. Bakin tankin kuwa ƙanƙane ne. Sai matarsa Afiniki ta riƙe masa mazurari, shi yana zubawa. Mutumin nan akwai gaggawa, ita kuwa sai ta yi ta cewa, "Maigida, a hankali mana. Bari ta haɗiye tukuna." Ya zuba kaɗan, su jira iska ta fito daga tankin, ya ƙara. Kafin kwalbar ta ƙare sun yi hirar gona, sun yi ta yara, har da ɗan musu. Ko ɗigo bai taɓa faɗuwa ƙasa ba, shi kuwa yana ta yabon hannunsa.

Ana nan, Ubangiji ya kira Afiniki gida. Motar ta kwana damina guda a gindin mangwaro, ba wanda ya taɓa ta.

Sai ga saƙo daga 'yarsa da ke aure a wani gari mai nisa: ta haifi mace, ta sa mata sunan mahaifiyarta, ranar Lahadi za a miƙa ta ga Allah a majami'a. Tana so Baba ne zai riƙe jaririyar a gaban jama'a. Murna ta cika tsohon har da hawaye.

Da safiyar Lahadi ya ɗauko kwalba ɗaya da ta rage. Ya duba mazurari bai gan shi nan kusa ba, ya ce, "Ai ni na saba." Ya kafa bakin kwalbar a tankin ya juye gaba ɗaya. Wayyo! Tankin ya yi gyatsa ya dawo da shi, maganin ya bi jikin motar ya kwarara, ƙasa ta shanye. Ya tsaya yana kallon wurin, sa'an nan ya ce wa kansa ai wani abu ya shiga.

Motar ta tashi, ta yi tafiya, amma a gindin tudu ta yi tari ta mutu. Kafin ya sami mai taimako rana ta yi tsaka. Da ya isa, an riga an tashi, ana share majami'a. Ya zauna a bakin ƙofa ya yi kuka, gama a ranar ce ya gane ba gwanintar hannunsa ba ce ta hana maganin zuba duk shekarun nan, haƙurin matarsa ne.

To, ga ma'anar misalin, musamman gare mu iyaye. Maganin nan Maganar Allah ce da gargaɗin da muke yi wa 'ya'yanmu. Tankin nan zuciyar ɗanka ce, ƙofarta kuwa ba ta da faɗi. Mazurarin shi ne haƙuri da ƙauna. Iyayenmu na da sukan faɗa mana kalma ɗaya a hanyar gona, su bar mu mu juya ta a rai har yamma. Mu kuwa sai mu tara faɗan shekara mu juye wa yaro a zama ɗaya, da tsawa, mu tashi muna cewa, "Ni dai na faɗa masa." I, ka faɗa, kuma gaskiya ka faɗa. Amma ya shiga?

Ranar da ɗanka zai isa gindin tudu ba ka wurin. Abin da ya shiga zuciyarsa kaɗai zai haye da shi.