Tabon Jatau a Jikin Sama

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso, kunnuwanmu na jira.

A wani gari can, wanda in ka yi tafiyar kwana bakwai sai a ce maka ka wuce shi tun jiya, sama ba ta yin shuɗi don kanta. Rina ta ake yi. In rani ya sa ta koɗe, ta yi fari kamar tsohon zane, sai marina su sauko da ita su tsoma a babbar rijiyar karofi. In ta rinu, Hadari ya zo ya duba, ya yi musu ruwa. In ba ta rinu ba, ya wuce garin gaba, su kwana da iri a hannu.

To, Sarkin Marina ya tsufa, aka ba Jatau sarautar. Jatau marini ne na gaske, shekara ashirin hannunsa shuɗi har gwiwa. Amma ranar da aka naɗa shi, sai ya aika aka sayo lemon tsami kwando guda. Ya goge hannu, ya goge, ya goge, har ya yi fes. Ya sa farar riga. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma can nesa, kada rini ya fantsal masa.

Daga can yake aiki, da baki.

"Ku zuba! Ku ƙara! Ku dama!"

Aka zuba baba, aka zuba toka, aka dama. Kwana bakwai rijiya ba ta yi kumfa ba. Rijiyar da ba ta yi kumfa ba kuwa, ko ƙyalle ba ta rinawa.

Jatau ya ce, "Tokar ce. Tasalla, tafi gida." Tasalla, tsohuwar da ke ƙona toka, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Kwana bakwai, shiru. "Baban ne. Cindo, tafi gida." Cindo mai dakan baba ya saɓa taɓaryarsa ya tafi.

Kwana bakwai, shiru. "Damun ne. Mantau, tafi gida." Mantau mai dama rijiya ya jingine muciya ya ce, "Ga ta nan, ranka ya daɗe. Ta nan ake riƙewa, ko da ka manta."

Saura Jatau da farar riga da farar sama. Tsuntsaye na tashi suna ɓata hanya, don ba su san ina sama ta fara ba. Sai iska ta kawo saƙo: Hadari na tafe nan da kwana bakwai.

Da hantsi Jatau ya lallaɓa bakin rijiya, ya tsoma ɗan yatsa ɗaya. Rijiya ta yi hamma ta ce, "Baƙo, marina sun tashi. Dawo gobe."

"Wane baƙo? Ni ne Jatau, Sarkin Marina!"

"Jatau na san hannunsa. Wannan hannun mai taya zane ne a kasuwa. Ni ba ni da kunne, bawan Allah. Duk ihun nan da aka ce kana yi, ko ɗaya bai iso nan ba."

Jatau ya dubi farin hannunsa. Ya tuɓe riga, ya rataye a reshe, ya nufi gidan Tasalla.

"Inna, biko na zo."

"Biko? Yaushe aka ɗaura mana?" Ta kalle shi sama da ƙasa. "Sau uku na ce maka itacen ɗanye ne, ba ya ba da toka mai ƙarfi. Tabarmarka ce ta yi nisa."

Jatau ya shiga daji, ya ɗauko mata busasshe a ka.

Ya je wa Cindo. "Sau uku na ce maka turmi ya tsage, rabin baban ƙasa ke shanyewa." Jatau ya nemo sabon turmi, ya gungura shi har karofi.

Ya je wa Mantau. "Sau uku na ce maka muciya ta yi gajarta, ba ta taɓa gindin rijiya." Jatau ya sassaƙo doguwa, duk ukun suka dawo karofi, shi da Mantau suka riƙe ta tare, suna damawa, suna damawa. Rijiya ta yi miƙa, ta yi kumfa, ƙamshin baba ya tashi a hankali har kaji suka yi gyangyaɗi a tsaye.

Rana ta bakwai suka sauko da sama. Laushi gare ta, da sanyi, ga ƙurar taurari a gefe-gefe. Su huɗu, kowa da kusurwarsa, suka tsoma. Amma hannun Jatau ya sha lemon tsami, ya yi laushi. Kusurwarsa ta suɓuce, ta naɗe, rini bai ratsa ta ba. Da aka shanya sama, ga shuɗi gabas, shuɗi yamma, shuɗi arewa, kudu kuwa ga farin tabo kamar faifai.

Ba lokacin sakewa. Hadari ya iso, baƙi ƙirin, yana jan riga.

"Gabas aikin wa?"

Jatau ya ce, "Na Tasalla."

"Madalla. Yamma?"

"Na Cindo."

"Madalla. Arewa?"

"Na Mantau."

"Madalla. Wannan faifan fa?"

Mantau ya buɗe baki zai ce iska ce ta kaɗa. Jatau ya riga shi. "Nawa ne. Hannuna ya yi laushi, ya suɓuce min."

Hadari ya dubi Jatau. Can sai ya fashe da dariya, tsawa ta karaɗe gari. "Shekara dubu ina duba sama. Duk tabon da na gani, ce min ake akuya ce ta taka. Yau na ga mai tabo da idona! Matsa, Sarkin Marina, in tsaya a kai in rufe maka, kada garin gaba su gani."

Ya tsaya a kan tabon. Ya tsaya, ya tsaya. Shi kuwa Hadari tsoho ne, in ya daɗe a tsaye ba ya iya riƙe ruwa. Aka kwana uku ana yi, har masu shuka suka fara roƙon a tsagaita.

Wanda aka ba shugabanci, ya matso da tabarmarsa inda zai ji na ƙasa da shi. In aiki ya yi kyau ya kira sunan masu shi, in ya ɓaci ya kira nasa.

Ƙurunƙus kan gafiya mai shuɗin gashin baki. Wanda ya ce ƙarya na yi, ya bari Hadari ya matsa, ya leƙa kudu.