Mai Walda da Motar Innarsa

A wani gari an yi wani mutum mai sana'ar walda da gyaran jikin mota. Hannunsa na da kyau, wannan ba mai musu. In mota ta yi karo ta lanƙwashe kamar gwangwanin da aka taka, wurinsa ake jawo ta, shi kuwa ya zauna da guduma da wuta har sai mai ita ya rasa inda ta bugu. Ya san ya iya, yana kuma son a faɗa. Wannan ne ɗan ciwonsa, kuma ba shi kaɗai ke fama da irinsa ba.

Mahaifinsa ya rasu ya bar wata ƙaramar mota irin ta dā, mai ƙofa biyu da doro a baya, wadda ta girmi mutumin nan kansa. Fentinta ya koɗe, tsatsa ta ci gefunanta, in aka tayar da ita kuwa sai duk unguwa ta sani. Amma tana tafiya. Aikinta ɗaya ne a mako, ran Lahadi ta ɗauki mahaifiyarsa ta kai ta majami'a. Tsohuwar gwiwoyinta sun riƙe, bayanta ya sandare, ba ta iya hawa babur, majami'ar kuma tana can ƙetaren rafi. Tun tana amarya tana cikin waɗanda suka ɗebo ruwan da aka kwaɓa tubalin ginin, shekara arba'in kuma tana waƙa a zumuntar mata. Sauran kwana shidan nan a kan tabarma take yin su, tana jiran wannan rana ɗaya.

Sai ya zama tsatsa ta huda ƙasan motar, daidai inda tsohuwar take ajiye ƙafa. Ramin bai fi faɗin faifai ba. Da damina ta faɗi, duk kududdufin da suka bi sai ruwa ya fantsamo ta nan. Wata Lahadi da suna dawowa ta dubi ɗanta, wanda shi ne ƙaramin 'ya'yanta, ta ce, "Auta, ramin nan yana jiƙa mini zane. Ka ɗan toshe shi mana."

Ya ce, "Wannan ai aikin safiya ɗaya ne, Inna. Gobe zan duba."

Kashegari ya kai motar gareji, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya ƙwanƙwasa da guduma, tsatsa ta zubo kamar ɓawon gyaɗa. Gaskiya ne walda ba ta kama ruɓaɓɓen ƙarfe, dole a yanke a kai inda ƙarfen ke da rai kafin a liƙa sabo. Ya yanke, ya kai wurin. Da nan ya tsaya, da kafin azahar ya gama. Amma maƙwabtansa na gareji suka taru a kansa. Wani bakanike ya zagaya motar yana dariya, ya ce, "Oga, ashe wannan ce motar gidanku? Kai da kake mayar da motocin mutane sabbi, faci za ka yi wa taka?" Wani kuma ya zaro waya ya nuna masa hoton irin motar a wata ƙasa, an rage mata tsayi, ta kwanta kusa da ƙasa, tana sheƙi.

Maganar ta sosa masa rai, hoton kuma ya shige masa ido. Ya ce a zuciyarsa, "Ni ne zan ɗauki mahaifiyata a mota mai faci? Zan yi mata abin da garin nan bai taɓa gani ba." Kafin Asabar motar tana kan duwatsu, ba taya, ba inji, ba ƙofa, ba gilashi.

Ya je ya durƙusa gaban tsohuwar ya ce, "Inna, ki yi haƙuri da Lahadi ɗaya. Sabuwar mota zan yi miki."

Ta ce, "Ni dai rami na ce, Auta."

Ya ce, "Ki bar ni da aikina, za ki gani."

Lahadi ɗaya ta zama wata ɗaya, wata ya zama shekara. Kada wani ya ce mutumin nan malalaci ne, don ba a taɓa ganin ya yi aiki kamar wannan ba. Ya kankare motar har ƙarfe tsirara. Ya yanke duk inda ya ruɓe, ya yanko sababbin fallayen ƙarfe, ya buga su a kan kututture har suka ɗauki siffar jikin motar, ya liƙa su yadda ko da yatsa ba za ka ji mahaɗar ba. Tartsatsin wuta ya ƙoƙƙona masa hannuwa, idanunsa kullum jajir. Da ya gama da tsatsa sai ya shiga ado. Ya yanke ginshiƙan da ke riƙe da rufin, ya cire taƙi guda daga kowanne, ya sauko da rufin ƙasa. Ƙofofi suka yi wa sabon rufin tsawo, ya rage su. Ya sa aka yanko gilasai daidai da su. Ya sauke jikin motar har ta kusa shafar ƙasa, ya fitar da tsoffin kujerun nan masu tudu, ya ƙera waɗansu masu zurfi da mutum ke nutsewa a ciki. Komai sai ya sa tef ya auna sau uku kafin ya yanka. Guntayen da ya cire kuwa, har da tsoffin gilasai da kujeru, ya tattara ya bai wa 'yan gwangwan don su rage masa tarkace.

Ita kuwa tsohuwar, kowace Lahadi sai ta yi wanka da sassafe, ta ɗaura zanenta na zumunta, ta zauna a bakin ƙofa. Daga nan ana jin ƙararrawar majami'a in iska ta juyo. Sai ta rera waƙa ɗaya ko biyu ita kaɗai, muryar tana rawa, sa'an nan ta koma ciki ta ninke zanen. An taɓa gwada kai ta a keke mai ƙafa uku, girgizar hanya ta kwantar da ita kwana uku. Fasto yakan kawo mata Jibin Ubangiji gida, wato gurasa da ruwan inabin da ake karɓa a sujada, tana godiya, amma ba shi ne zama cikin 'yan'uwa ba. A cikin wannan lokaci biyu daga cikin ƙawayenta na zumunta suka rasu, ba ta je jana'izar ko ɗaya ba. Wannan ya ci mata rai ƙwarai, ta yi kuka a ɓoye.

Matar mutumin ta ga abin ya yi yawa, ta ce masa, "Baban Rahila, dattijon ikilisiya yana da mota. Bari in roƙe shi ya riƙa biyowa ta nan."

Ya ɓata fuska ya ce, "So kike a ce na kasa kai uwata sujada? Saura kaɗan fa. Kada ki ba ni kunya."

Tsohuwar ta ji su daga ɗaki. Don kada ta kunyata ɗanta, ta ce a bari, za ta jira.

Bayan damina biyu aiki ya ƙare. Ya fesa mata koren fenti, ya goge ta har mutum na ganin fuskarsa a jiki. Ya zaɓi Lahadin godiyar kaka, ranar da majami'a ke cika maƙil, domin a gani. Da ya shigo unguwa da ita mutane suka fito daga gidaje, ana ta kai, kai, wannan ai ba a nan aka yi ta ba. Ransa ya yi fari tas. Ya faka a ƙofar gida, ya buɗe ƙofar motar da hannu biyu ya ce, "Inna, ga motarki."

Tsohuwar ta fito tana dogara sanda, fuskarta cike da murna. Ta zo bakin motar ta tsaya. Rufin bai kai mata ƙirji ba, kujerar kuwa tana can ƙasa kamar an haƙa mata rami. Wanda zai shiga sai ya sunkuya sosai, ya naɗe gwiwoyi, ya zube ciki. Ta gwada da gaba, bayanta ya ƙi lanƙwasuwa, goshinta ya bugi rufin, ɗankwalinta ya faɗi ƙasa a gaban jama'a. Surukarta ta ɗauka ta ɗaura mata. Ta gwada da baya, gwiwoyin suka ƙi. Ɗan ya kama ta ta nan, matarsa ta kama ta can, suka ɗaga ta za su cusa, sai ta yi ƙara, irin ƙarar da bai taɓa jin ta yi ba. Suka sauke ta. Masu kallo suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, don ba mai son tsayawa a kan abin kunyar wani.

Daga ƙetaren rafi aka buga ƙararrawa ta biyu. Tsohuwar ta jingina da bango tana haki, ta shafa jikin motar da tafin hannu, ta ce, "Ta yi kyau, Auta. Ka yi ƙoƙari. Ku tafi kada ku makara."

A nan ne mutumin ya gane abin da ya yi. Shekara biyu yana auna ƙarfe, bai taɓa zuwa ya dubi yadda mahaifiyarsa take zama da yadda take tashi ba. Baƙin ciki ya rufe shi, ya zauna a ƙasa da kayansa na ado, bai je sujadar ba.

Da gari ya waye ya mayar da motar gareji, ya sa inji ya yanke rufin da ya sha wahalar liƙawa. Amma abin da aka rage ba ya komawa da sauri. Guntayen ginshiƙan sun daɗe da tafiya, gilasan da aka yanke ba sa ƙara tsawo, ƙofofin sai an sāke su, irin tsoffin kujerun kuma sai an bi gari gari ana nema. Ya yi ta aiki ba ci ba sha, wannan karo ba ya son kowa ya leƙo. Yana cikin wata na biyu, rufin bai koma ba, matarsa ta zo garejin da kanta da tsakar rana. Bai taɓa ganin ta a wurin ba, da ya dubi fuskarta kuwa ya gane abin da ya kawo ta, ya kashe wutar.

A bayan wata a-kori-kura ta aro aka kai tsohuwar majami'a, cikin akwatin gawa. Matan zumunta suka tarye ta a bakin ƙofa da waƙa, suka shigar da ita. Ɗanta yana biye a baya, da ƙafa.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Mai waldan nan ba mugu ba ne, ba ya shan giya, bai zagi uwarsa ba, yana ma ƙaunarta. Shi ya sa labarinsa ya fi ba ni tsoro, domin irinmu ne, mu masu zuwa sujada. Ramin da aka ce ya toshe shi ne ƙaramin abin da Ubangiji ya sa a gabanka yau, wanda ka riga ka san shi. Ka je ka gai da marar lafiyan nan. Ki nemi gafarar 'yar'uwarki. Ka zauna da tsohonka ka ji maganarsa, ko da ya faɗe ta sau goma. Abin ya yi mana ƙanƙanta, ba mai gani balle ya yaba, sai mu ajiye shi mu ɗauko babba wanda ba a aike mu ba, mu ce ai don Allah muke yi. Mukan sha wahala a kansa da gaske, har mu ƙone hannu. Amma in ka tambayi zuciyarka da gaskiya, wa ka auna da kake wannan aiki? Sau da yawa idon jama'a muka auna, ba wanda muka ce muna yi dominsa ba.

Na ga mutum yana tara abin gina wa iyayensa katafaren gida, su kuwa ɗakin da suke kwana yana yoyo. Na ga mai shirin zama babban mai wa'azi wanda 'ya'yansa ba su taɓa jin ya yi addu'a tare da su ba. Ni ma da nake faɗa muku, akwai ziyarar da na ɗaga zuwa mako mai zuwa, na ƙare da zuwa ta'aziyya, har yau kuma abin yana damuna.

Allah mai jinƙai ne, yana gafarta wa wanda ya tuba, mai waldan nan ma in ya roƙa zai samu. Amma gafara ba ta dawo da Lahadi ɗari da tsohuwar ta yi a bakin ƙofa. Saboda haka kafin ka bar kujerar da kake kai, ka tuna da wanda ya roƙe ka ƙaramin abu ka ce masa gobe. In yana da rai, ka je yau, ka yi masa abin da ya roƙa, yadda ya roƙe shi.