Manomin da Ya Hau Dutse da Buhun Yashi

Akwai wani manomi a wani ƙauye da ke gindin dutse, ƙaƙƙarfan mutum, gwanin kokawa. Tun yana saurayi ba wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa. Yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ma ya koya wa ƙanen kokawa.

Ya zama fa, wata shekara bayan girbi, aka buga ganga, jama'a suka taru a dandali, aka haɗa su biyu. Ƙanen ya sunkuce shi, ya maka shi da ƙasa. Mata suka yi guɗa, samari suka bushe da dariya. Ƙanen ya miƙa hannu domin ya tashe shi, amma manomin ya doke hannun, ya tofar da yawu, ya tafi gida.

Fushi ya kwana a zuciyarsa, ya kuma wayi gari a can. Ya rantse sai ya rama a idon jama'a, sai ya karya yaron nan. Ya cika buhu da yashin rafi, ya saɓa a kafaɗa, ya riƙa hawan dutsen da gudu. Da fari da sassafe yake hawa. Daga baya ya ce sanyin safiya na ragwaye ne, ya koma hawa da tsakar rana, sa'ad da dutse yake ƙona tafin ƙafa. Ko ruwa ba ya ɗauka. In ya kai bisa, sai ya yi jifa da buhun, ya kira sunan ƙanensa da zagi, ya sake saɓawa ya gangaro.

Kafaɗunsa suka saluɓe. Ƙafafunsa suka kumbura, har in ya tsuguna sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Fitsarinsa ya koma ja. Matarsa ta ce masa, "Maigida, ko jakinka ba ka yi masa haka. Ka huta gobe mana."

Ya daka mata tsawa ya ce, "Ke ma bayansa kike? Da kunnena na ji guɗarki ran nan!" Ita kuwa ba ta yi guɗa ba. Ya ture ƙwaryar tuwo, ya fita, ya ƙara yashi a buhu.

Wata rana yana tsakiyar hawa, gwiwoyinsa suka kama rawa. Numfashinsa ya sarƙe, ya ji ɗanɗanon jini a bakinsa, duhu ya fara rufe idanunsa. Ya tsaya yana haki. Sai ya tuna da dariyar samari. Ya ciji leɓe, ya dubi ƙafafunsa ya ce, "Har ku ma za ku ci amanata?" Ya yunƙura da gudu. Nan take wani abu ya tsinke a bayansa kamar igiyar guga. Ya faɗi rub da ciki, buhun ya danne shi.

Ƙanen kuwa yana ban ruwa a lambunsa a bakin rafi, kullum yana hangen wansa. Da ya ga ya faɗi bai tashi ba, ya yar da guga, ya hau da gudu, ya janye buhun.

Manomin ya buɗe ido ya ce, "Kada ka taɓa ni. Gwamma in mutu a nan da ka goya ni a gaban mutane."

Ƙanen ya husata ƙwarai, ya ce, "Yaya, wasa fa muka yi! Na zo gidanka gaisuwa, ka sa aka ce mini ba ka nan. Da na kayar da kai, ai da ƙafarka ka tashi. Wannan kayen fa, wa ya yi maka shi?" Bai jira amsa ba. Ya goya shi, ya sauko, ya ratsa ta tsakiyar gari domin ita ce hanya mafi kusa zuwa wurin mai magani. Manomin yana dukansa yana zaginsa, har muryarsa ta ɗauke.

Ya rayu, amma bai ƙara shiga dandali ba. Da damina ta sauka, ya kasa sunkuyawa ya riƙe fartanya. Ƙanen ne ya nome gonarsa, shi kuwa yana zaune a inuwa da sanda yana kallo. A shekarar nan 'ya'yansa suka ci daga gumin mutumin da ya rantse zai karya.

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Buhun yashi shi ne fushin da mutum yake ɓoyewa, yana ƙara masa nauyi kowace safiya. Motsa jiki abu ne mai kyau. Ku yi gudu, ku yi kokawa, ku buga ƙwallo, ku ɗaga ƙarfe har gumi ya jiƙe ku. Amma jikin nan Allah ne ya gina shi, amana ya ba ku. Shi ne ya sanya gajiya da ƙishi a cikinsa domin su gargaɗe ku. Wa ya ba ku izini ku azabtar da shi saboda wani ya yi muku dariya?

Da zafin rai nake faɗar wannan. Ina ganin samarinmu suna wahalar da kansu a filin wasa har su sume, in ka bincika sai ka tarar wani suke so su kunyata. Ina ganin dattawa a ɗakin sujadan nan, wa da ƙane, kowa ya zaɓi kujera nesa da ɗan'uwansa saboda maganar da ba ta kai ta kawo ba. Kuna raira waƙa da baki, zuciyarku tana tafasa. Kuna tsammani Ubangiji bai gani ba?

Ƙanen da ya goyi wansa yana shan duka, yana nuna mana Yesu Almasihu, wanda ya ɗauke mu tun muna gāba da shi. In an yi maka irin wannan jinƙai, ba ka da hujjar riƙe kowa a zuciya. Kai da kake saurarona, ka san sunan wanda kake fushi da shi. Idan an tashi daga sujada, kada ka nufi gidanka. Ka fara zuwa nasa.