Turmin da Ya Fi Ƙara

Yau kwana huɗu ke nan wata magana tana cin raina, ko tuwo na sa a gaba sai in tsaya ina kallonsa. Ni ba mai zurfin karatu ba ce, aji shida na tsaya, saboda haka ku yi haƙuri da rubutuna. Abin ya shafi maƙwabciyata, kuma duk lokacin da na tuna da ita sai wata hikaya ta faɗo mini, wadda mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ba mu in ya tashi daga karatu. Bari in fara ba ku ita yadda na riƙe.

An ce wani sarki ne aka yi, mai faɗin ƙasa da taushin zuciya, ya sa aka gina rumbu a kowane ƙauye na ƙasarsa, aka cika shi da gero, domin iyalin da abinci ya yanke musu. Sai dai ya ji tsoron maƙaryata, ya kafa sharaɗi: duk mai so ya zo da kansa ranar kasuwa, ya tsaya gaban mai tsaron rumbu, ya faɗi da bakinsa gaban shaidu biyu cewa babu komai a gidansa.

Aka shekara uku. Ran nan waziri ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, albishir. Akwai wani ƙauye a ƙarshen ƙasarka, Gangaren Marke, tun da aka cika rumbunsa ba a taɓa ɗibar ko zangarniya ɗaya ba. Mutanensa sun wadata."

Sarki ya yi murna, ya ce, "To hatsin da ba mai bukatarsa, zamansa can asara ne. A kwaso shi kafin ruwa ya sauka, a kai inda ake nema."

Aka tura jakuna da mangaloli. Da suka isa, sai suka tarar da wata tsohuwa ta shimfiɗa tabarma a bakin rumbun ta zauna. Sunanta Kuluwa, ita ce ungozomar garin, kusan duk wanda ke tafiya da ƙafarsa a ƙauyen ita ta yanke masa cibiya. Aka ce ta tashi, ta ce ba za ta tashi ba sai mai rumbun ya zo da kansa. Ba wanda ya iya ɗaga ta, don har mai tsaron rumbun a hannunta aka haife shi.

Labari ya kai fada. Sarki ya yi mamaki, ya taso da wazirinsa, suka iso da hantsi.

Sarki ya ce, "Ke tsohuwa, me ya haɗa ki da hatsina?"

Ta ce, "Ya sarki, yunwar da ta hana a taɓa shi."

Ya ce, "Yunwa takan kawo mutum bakin rumbu ne, ban taɓa jin ta kore shi ba."

Ta ce, "Ƙaramar yunwa ke nan, ya sarki, mai ƙafa da baki. Babbar ba ta fita, ba ta magana. In kana son ganinta, bar idonka a nan, ka taho da kunnenka."

Waziri ya ce, "Iya, sarki ake yi wa magana."

Ta dube shi ta ce, "Na sani, ɗana. Shi ma wata ce ta yanke masa cibiya."

Sarki ya yi murmushi, ya sauka, ya bi ta a ƙasa. Lokacin kuwa matan gari na daka. Suka bi ta bayan dangogi, ta tsaya a gida na fari ta ce, "Me ka ji?" Ya ce, "Daka." Suka wuce na biyu, ya ce, "Nan ma daka." Da suka zo na uku, sai ga ƙarar turmi tana tashi har ta danne ta sauran, taɓarya na sauka da ƙarfi ba hutawa.

Ta ce, "A cikin gidajen nan uku, wanne ya fi wadata?"

Sarki ya ce, "Wannan mana. Ko a fadata ba a daka da irin wannan ƙarfi."

Tsohuwa ta ce, "Ya sarki, ka taɓa riƙe taɓarya?"

Ya ce, "Ban taɓa ba."

Ta ce, "Shi ya sa. Turmin da ke da hatsi, sautinsa a danne yake, don tsaba na tare taɓarya. Wanda ka ji yana amsawa haka, itace ne ke dukan itace. Matar gidan nan sunanta Tasalla. Mijinta ya tafi ci-rani tun kaka, bai dawo ba, bai aiko ba. 'Ya'yanta huɗu. Ɗan ƙaiƙayi take zubawa ta yi ta bugu, don kada maƙwabta su ce yau ba a daka a gidan Tasalla ba. Matan garin duk sun san sautin, kowace ta yi kamar ba ta ji ba, don su rufa mata asiri."

Fuskar sarki ta sauya. Ya ce wa waziri, "Je ka ƙofar, ka ce sarki ya yafe mata sharaɗi, ta aiko a ɗauki dami goma."

Tsohuwa ta ce, "Ya je, ka ji abin da za a ce masa."

Waziri ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama da babbar murya, ya faɗi saƙon sarki. Daka ta tsaya cik a gidajen unguwar duka, kowa ya kasa kunne. Can sai murya ta fito daga bayan danga, a natse: "Allah ya saka wa sarki da alheri. Mu kam alhamdu lillahi, muna da sauran na bara. A kai wa mabukata."

Waziri ya dawo ya ce, "Ka ji, ranka ya daɗe. Da bakinta ta faɗa."

Kuluwa ta shiga ɗakinta da ke kusa, ta fito da 'yar ƙwarya da gero a ciki, ta ce wa sarki ya matso jikin danga ya saurara. Ta shiga gidan tana ɗingishi, tana cewa, "Tasalla, 'yar nan, ki taimake ni. Ƙugun nan ya hana ni sakat, na kasa ɗaga taɓarya. Surfa mini wannan."

Tasalla ta ce, "Kawo, Iya. Ke ma da kin aiko an kira ni."

"In kin surfa ki tuƙa a nan gaba ɗaya, hayaƙi na sa ni tari. Malmala ɗaya za ki aiko mini, ita ma ba na cinyewa, haƙoran sun tafi sun bar ni. Sauran ki ba yaran nan, kada ya kwana ya lalace mini."

Tasalla ta yi dariya ta ce, "Iya, kullum ƙugu, kullum haƙori. Wata rana za ki ce kan ma ya tafi."

"Ya kusa, 'yar nan. Yi sauri dai."

Jim kaɗan sai sarki ya ji taɓarya ta sauka, sautin a danne, ba amo.

Da tsohuwa ta fito, sarki ya ce, "Tun yaushe kike wannan?"

Ta ce, "Tun da sanyi ya wuce. Gida biyar nake zagayawa da ciwon ƙugu. Ƙwaryar nan da ka gani ita ce ta ƙarshe a ɗakina, shi ya sa na je na zauna a bakin rumbunka. Ya sarki, kai ka zo da kyauta aka mayar maka da ita, ni na zo da roƙo aka karɓa. Wanda ba shi da komai, abu ɗaya ya rage masa, a ce shi ma ana bukatarsa. Sharaɗinka ya ce ya ajiye wannan a kasuwa kafin a ba shi gero."

Sarki ya ce, "Shekara uku rumbuna cike ina alfahari, ashe cikarsa ce shaidar laifina." Ya matsa jikin danga da kansa, ya sassauta murya ya ce, "Salamu alaikum, uwar gida. Baƙi ne mu, mun yi tafiya mai nisa, ga hatsi muna da shi amma ba mai daka mana. Ko za ki taimake mu, ki cire ladan aikinki a ciki?"

Sai Tasalla ta ce, "Baƙo ba ya roƙo sau biyu a garin nan. A shigo da shi."

A ranar sarki ya soke sharaɗi, ya mayar da jakuna ba kaya. Ya danƙa rumbun kowane ƙauye a hannun waɗanda ke shiga gidaje ba a tambaye su dalili, ungozoma da mai kitso da tsofaffin unguwa, ya ce su fitar yadda suka ga ya dace, kada a kira sunan kowa a kasuwa. Ya ce wa waziri, "Rubuta ka ajiye: adalci bai cika ba don an buɗe ƙofar rumbu, sai an kai haƙƙi ga mai shi ba a karɓe mutuncinsa a madadi ba."

Nan hikayar ta ƙare. Ga tawa damuwar.

A gundumarmu akwai kwamitin tallafa wa iyali, suna zama duk Alhamis a harabar asibitin garinmu. Wallahi ba abin da zan ce musu sai godiya. Shekarar da maigidana ya karye a ƙafa, su suka ba mu irin shuka da taki, suka riƙa ba autana kunun gina jiki har ya murmure, ma'aikaciyar lafiyarsu Malama Jummala kuwa har gida take biyo ni. Ba don Allah da su ba, da ban san yadda za mu ga kaka ba. Amma sharaɗinsu sai mutum ya zo da kansa, a kira sunansa, a ɗauki hotonsa. Ni na je, na kuwa san yadda ƙafata ta yi nauyi ranar.

Maƙwabciyata Hansai ba za ta je ba. Mijinta ya tafi kudu neman aiki, wata bakwai shiru. Na gwada dabarar Kuluwa, ina kai mata gyaɗa ta ɓare mini, ina cewa idona ba ya gani sosai. To gyaɗar ta kusa ƙarewa, damina kuma ta kama. Ranar Juma'ar da ta wuce ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, abin da kika gani a gidan nan ya tsaya tsakaninmu." Na ce mata to.

Jibi Alhamis. In je in faɗa wa Malama Jummala a asirce, in karya alkawarin da na yi? Ko in tashi a gaban kwamiti in ba su hikayar nan ba tare da na kama suna ba, in roƙe su su sassauta sharaɗin, ni da ko a taron suna muryata rawa take yi? Mutanen kirki ne, ina tsoron su ce na raina alherinsu. Don Allah, in ku ne ni, yaya za ku yi?