Ranar da Hannun Barau Ya Kama Rawa

An yi wani mutum, wani bawan Allah ana ce masa Tanimu, a wani gari can shekarun baya. Tela ne. Da yamma yakan je wasan ƙwallon katako, wanda ake bugun ƙwallo da guduma har ta shige wata 'yar ƙofa. Wanda bugunsa ya fi kaɗan shi ne gwani.

To ranar nan, bayan la'asar ne, ruwa ya ɗauke, ciyawa sharkaf. Mutum ɗaya za a tura ya wakilci garin a gasa, saura Tanimu da wani ƙaƙƙarfa mai suna Barau. Barau ga ƙarfi ga baki. Tun farko yake tsokana: "Tela, wannan fa ba allura ba ce, kar ta karya ka!"

Tanimu ya yi murmushi ya ce, "Allah ya kiyaye, yaya."

Shi in zai buga, sai ya kafa ƙafa, ya sauke kafaɗa, ya ja numfashi ya sake, ido na kan ƙwallo. Ba gaggawa. A haka suka iso ƙofar ƙarshe, Tanimu ya gama nasa. Saura Barau: in ƙwallo ta shiga ya ci, in ta kauce ta fita layi, tafiya ta Tanimu ce.

Ku saurara. Hannun Barau ya kama rawa. Ya damƙe guduma kamar zai shaƙe ta, gumi na zuba, ido na kan jama'a. Tanimu ya gani. Shiru kawai zai yi, nasara ta zama tasa. Shiru fa!

Sai ya matsa, ya ce a hankali, "Yaya, sassauta riƙo. Numfasa. Ƙasa jiƙe take, ɗan ƙara nauyi."

Barau ya harare shi, amma ya sassauta. Ƙwas! Ta shige.

Jama'a, wallahi ina alfahari da irin Tanimu. Hannu zuciya yake bi. Wadda ba hassada cikinta ba ta rawa, ko a fili ko a kasuwa. Kai da ni, in muka ga hannun ɗan'uwa na rawa kuma faɗuwarsa ribarmu ce, mu buɗe baki mu taimake shi.

Aka ɗaga Barau sama ana ihu, ko waiwaye bai yi ba. Ƙwallonsa na nan cikin taɓo. Tanimu ya ɗauka, ya goge da gefen rigarsa, ya jefa masa a jaka, ya kama hanyar masallaci.